Allurar da ke juyowa kan mai yin ta

Jama'a, duk wanda ya taɓa kai ɗansa rigakafi daga Angwan Iya, ko ya yi jinyar wani a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, ya ga yadda hannun nas ke aiki babu hutu. Amma wa ke tuna abin da zai same ta idan allurar da ta cire daga jikin majiyyaci ta soke ta? Sau da yawa wajen mayar da murfi ake samun tsautsayin, layi ya yi tsawo, gajiya ta yi yawa. Idan jinin mai ciwon hanta nau'in B ne, kuma ba ta da rigakafi, haɗarin kamuwa kan kai kashi 30 cikin 100. Na ƙanjamau bai kai haka ba, amma dole ta fara shan maganin kariya cikin awa 72. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buƙaci a koma amfani da sirinjin da tsininsa ke shigewa ciki ko ya rufu da zarar an gama. Ya fi tsada, na yarda, amma bai kai jinyar hanta tsada ba. Ya kamata gwamnatin Nasarawa ta sa shi cikin kasafin asibitocinta, haɗe da akwatin zubar da allura a kowane ɗaki, domin mai sharar asibiti ma yana sokuwa, kuma shi ba a cika tambayarsa ba.