Faifan Da Ya Koka Da Rashin Masauki A Ikko

A cikin faya-fayan garmaho na Nijeriya waɗanda masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka ke nema ruwa a jallo, akwai wani wanda ya kamata mutanen Abuja su san labarinsa. Sunansa No Accommodation for Lagos, watau babu masauki a Ikko, wanda makaɗi Tony Allen ya fitar cikin 1979 tare da ƙungiyar Africa 70 ta Fela Kuti.

Shi Allen an haife shi a Ikko cikin 1940, kuma gwaninsa jerin ganguna ne irin na Turawa, waɗanda ake kaɗawa da hannu biyu da ƙafa biyu. Ya fara da kiɗan hailaif a ƙungiyar Victor Olaiya, amma kunnensa yana wajen makaɗan jaz na Amurka, musamman Max Roach da Art Blakey, wanda ya zo Afirka ta Yamma ya kuma musulunta, ya ɗauki sunan Abdullahi ibn Buhaina. Daga wurinsu ne ya koyi sarrafa farantan tagullan nan biyu da ake takawa da ƙafar hagu, waɗanda yawancin makaɗan Ikko na lokacin ba su damu da su ba. Sai ya gauraya wannan da kiɗan Yarabawa da na Gana, ƙasar mahaifiyarsa, har ya zamana kowace gaɓa tasa tana bin nata zubi dabam. Wanda ya saurari faifan zai ɗauka mai kalangu ne da mai kuntuku da ɗan kanzagi suka haɗu, alhali kuwa mutum ɗaya ne zaune bisa kujera.

To, kukan da ke cikin waƙar shi ne dai kukan da ya haifi Abuja. Cunkoson Ikko da ƙarancin gidaje suna cikin dalilan da suka sa Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda cikin 1975, aka kuma kafa dokar sabon babban birni ran 3 ga Fabrairu 1976. Gwamnati ta tare ran 12 ga Disamba 1991. Amma fa rashin masaukin ya biyo ta, domin dubban ma'aikata suna kwana a Nyanya da Mararaba da Suleja, su yi sammako kullum zuwa ofis.

Bugun farko na faifan ya yi wuya yanzu, don zafi yana lanƙwasa faifai, ƙurar hunturu kuma tana cinye layinsa, ga shi an watsar da garmaho tun zuwan kaset. Kamfanonin Turai ne suka sake buga shi. Allen kansa ya rabu da Fela bayan wasan Balin na 1978 a kan maganar kuɗi, daga baya ya koma Faris da zama, inda ya rasu ran 30 ga Afrilu 2020, shekara uku bayan ya fitar da faifan girmama Art Blakey a kamfanin Blue Note.