Ka Daina Haɗa Batir Na Biyu Kai Tsaye A Motarka

Yau maganar ta direbobi ce da masu sana'a a cikin mota, kuma ba za ta yi wa wasu masu wayarin daɗi ba.

Ka zagaya Sabon Garin Wudil ko bakin kara ranar Juma'a, ka leƙa motocin masu tallan magani da lasifika, da bas-bas masu lodin Kano, da motocin da aka sa wa inbata ana cajin waya. Da yawa za ka tarar da batir na biyu a but ko a ƙarƙashin kujera. Ƙara batir ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake haɗa shi: a jawo jar waya daga kan babban batir, a murɗa ta a kan na biyu, a naɗe da salatif, a ce maka "shikenan Alhaji, an gama". Babu fiyus, babu rile. Malam, wannan ganganci ne, kuma kai da fasinjanka ne a ciki, mai wayarin yana gida yana barci.

Bari ka ji dalili. Idan ka haɗa batir biyu kai tsaye, sun zama kamar randa biyu da aka huda aka haɗa da tiyo. Ka ɗebi ruwa a ɗaya, ɗayar ma ta ragu. Lasifikarka na ta aiki tun safe injin a kashe, kana ganin batir na biyu take ci, alhali duka biyun take zuƙa. La'asar ta yi, ka murɗa makulli, sai ƙas-ƙas. Amfanin ƙarin batir shi ne a bar wa na tada mota ƙarfinsa, to ina amfanin ya tafi? Ga wata kuma: in ɗaya tsoho ne ɗaya sabo, tsohon zai riƙa jan sabon ko mota na ajiye, har ya gajiyar da shi.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Babbar matsalar ita ce wuta. Batirin mota bolt 12 ne, shi ya sa ake raina shi, tunda ba ya jan mutum. Amma idan jar waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, amfiya ɗaruruwa ne ke bi ta cikinta nan take. Wayar ta yi ja, robarta ta kama, ga kafet, ga soson kujera, ga galan ɗin fetur da direbobinmu ke ajiyewa a but. Kashe makulli ba zai tsayar da ita ba, domin daga kan batir ta fito. Ka tuna wannan wayar ta bi ƙarƙashin mota ko gefen ƙofa, tana shan girgiza da zafin Afrilu mai haura digiri 40.

Za a ce maka "ai haka kowa yake yi, shekara nawa ba abin da ya faru". Wanda tasa ta ƙone ba ya cikin masu ba ka wannan labarin. Za a ce "fiyus yana yawan yankewa, gara a saka waya". Fiyus ɗin da ke yankewa aikinsa yake yi, yana gaya maka akwai matsala ko an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Wanda ya cire shi ya murɗa zaren waya a gurbinsa, ya kori maigadi ne don yana ihun ɓarawo.

To ya ake yi daidai?

Na farko, a raba batiran da rile. Mafi sauƙi shi ne wanda ake rubuta wa VSR a jiki. Shi ƙarfin wuta yake saurara: idan injin ya tashi, altanato ya fara ba da bolt 13.8 zuwa 14.4, sai ya haɗa batiran a wajen bolt 13.3 su yi caji tare. Ka kashe injin, wuta ta sauka wajen 12.8, ya raba su. Lasifika ta cinye nata, na tada mota yana nan daram.

Na biyu, fiyus guda biyu a kan jar wayar, ɗaya dab da kowane batir, kar ya wuce taƙi ɗaya daga kan batirin. Me ya sa biyu? Domin kowane ƙarshen wayar batir ne a jikinsa, in ta goge a tsakiya duka biyun za su turo wuta. Kuma girman fiyus da kaurin waya ake auna shi, shi zai fara yankewa kafin waya ta yi zafi.

Na uku, waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla. Daga gaban mota zuwa but, a nemi 16mm ko 25mm. Ka kankare bakinta kafin ka biya, ko a Ƙofar Ruwa ka saya ko a nan Wudil: in cikin ya fito fari, alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Duk inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Baƙar waya ita ma kaurinta ɗaya da jar, a ɗaure ta da noti a ƙarfen da aka goge fenti.

Na huɗu, irin batirin. Na tada mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu, in ana ƙarar da shi kullum ba ya daɗewa. Na aikin lasifika da inbata, irin na sola ake nema mai jure sauka. Shi ma kar ka wuce rabinsa. Batir mai 100Ah, 50 ne naka: kayan da ke jan amfiya 10, awa 5 kenan. Mita ta nuna 12.6 ya cika, ta nuna 12.2 ya kai rabi, ka tada injin. A ɗaure shi da kyau, kuma in mai ruwa ne kar a rufe shi inda ba iska, domin yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, tartsatsi kaɗan ya ishe ta.

Sai ka duba altanato. Na ƙananan motoci galibi amfiya 70 zuwa 120 yake bayarwa, kuma fitila da fanka da na'urar sanyi suna ci a ciki. Inbata mai wat 1000 kaɗai in ta ɗau cikakken kaya tana jan kusan amfiya 90. Lissafin a fili yake. In kuma batirin litiyam ka sayo, ko motarka sabuwar ƙira ce da kwamfuta ke rage cajin altanato, rile bai isa ba, caja mai suna DC-DC ake sawa.

Ga masu wayarin, muna ganin ƙoƙarinku, kuma mun san sau da yawa mai mota ne ke cewa a yi masa na araha. Amma ku kuka san haɗarin, ku gaya masa gaskiya ko da zai tafi wani wajen.

Kai kuma mai mota, yau ɗin nan ka buɗe bonet ka bi jar wayar da ido. In ba ka ga fiyus kusa da kowane batir ba, ka kwance ta daga duka ɓangarorin biyu, ka fara da cire baƙar wayar kowanne, har sai an gyara. Allah ya tsare hanya.