Duwatsun da Ganau Suka Kafa a Gettysburg

Wanda ya shiga filin dagar Gettysburg, a jihar Pennsylvania ta Amurka, abin da zai fara cika masa ido shi ne duwatsun tunawa da mutum-mutumin tagulla, sama da 1,300, warwatse a gonaki da kan tuddai. A nan dakarun Arewa da na Kudu suka gwabza daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863, a yaƙin basasar da batun bauta ya haddasa. Cikin kwana ukun nan, waɗanda aka kashe, aka jikkata, aka kama ko suka ɓace sun kai kimanin dubu 50.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne masu kafa duwatsun. Da yawa daga cikinsu 'yan mazan jiya ne na rundunonin sojan ƙasa, waɗanda suka dawo bayan shekara ashirin zuwa talatin, furfura ta fara fito musu, suka nemo ainihin inda suka ja daga. Galibin rundunonin Arewa, kowacce ta kafa babban dutsenta, sannan ta dasa ƙanana biyu, ɗaya a ƙarshen sahunta na dama, ɗaya a na hagu. Mutum zai taka daga wannan zuwa wancan cikin 'yan mintuna, ya ga ƙanƙantar wurin da ya ci rayuka masu yawa haka.

Dubi Runduna ta 1 ta Minnesota. Da yammacin 2 ga Yuli, Janar Hancock ya ga giɓi a sahun Arewa, abokan gaba sun doso shi. Ya umarci mutum 262 na rundunar su afka musu, don a samu 'yan mintuna kafin ɗauki ya iso. A cikinsu 215 suka faɗi, wasu matattu, wasu da raunuka. Yau sojan tagulla yana tsaye a inda suka taso, a guje, bindiga a hannu.

Mutanen nan ba su ɗauki zancen wuri da wasa ba. Tsofaffin Runduna ta 72 ta Pennsylvania sun yi shari'a da ƙungiyar da ke kula da filin, har Kotun Ƙolin jihar, kan inda dutsensu zai zauna. Sun yi nasara, aka buɗe shi a 1891. A tudun Culp kuwa, 'yan jihar Maryland ne suka fuskanci juna, wasu a sahun Arewa, wasu a na Kudu, kuma duwatsun ɓangarorin biyu suna nan a tudu ɗaya. Zafin yaƙin basasa ke nan: ɗan gida shi ne abokin gaba.

A 1913, sama da tsofaffin sojoji dubu 50 na ɓangarorin biyu suka taru a filin, suka gaisa. Yanzu babu ko ɗayansu a raye. Da sun bar aikin kafa duwatsun ga 'yan baya, da labarin ya koma hannun jiyau, kowa ya ƙara gishirinsa. Duk al'ummar da ta ɗanɗana yaƙi, ta zauna da tsofaffinta tun suna iya nuna wuri da yatsa, ta rubuta sunaye da adadi. Jikan da ya tsaya tsakanin ƙananan duwatsun nan biyu, ya karanta 262 da 215, da wuya ya yi wa yaƙi guɗa.