Allurar "haɗa jijiya": Gargaɗi ga 'yan kokowarmu

Duk wanda ya tashi a Adar ya san darajar ɗan kokowa. A Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma da zarar an gama girbi, samarin Barmu da ƙauyukan kewaye sukan shiga fili da fatan wata rana su ɗaga Takobi. Sai dai kokowa ba ta rabuwa da targaɗe da ciwon gwiwa, kuma wanda ya ji rauni ana saura mako biyu gasa, duk abin da aka ce zai tashe shi karɓa zai yi.

Shi ya sa muka ga ya dace mu ja hankali kan wani sinadari mai suna BPC-157, wanda 'yan wasa a Amurka da Turai suke saye ta intanet suna yi wa kansu allurarsa, wai yana haɗa jijiya da tsoka cikin gaggawa. Masu bincike na jami'ar Zagreb a ƙasar Kuroshiya ne suka fito da shi a shekarun 1990, kuma galibin gwajinsa a kan ɓeraye aka yi. Ba a yi masa rajistar maganin mutane ba a can, don haka dillalansa sukan rubuta a kwalba cewa na bincike ne kawai, su kauce wa doka. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta shi tun 2022.

Wani zai ce ina ruwan Barmu da abin da ake yi a Amurka? To, tiramol ma daga nesa ya zo, ya bi ta hannun masu tallar magani a kasuwanni har ya kai ga 'yan kabu-kabu da manoma. Hanyar nan tana nan a buɗe, ga kuma wayar salula ta ƙara mata faɗi. Ba mu manta da 1995 ba, lokacin da aka yi wa dubban 'yan Nijar allurar rigakafin sanƙarau ta jabu.

Muna kira ga hukumar kokowa ta ƙasa da ma'aikatar kiwon lafiya su faɗakar da masu horarwa kafin gasa ta gaba. Ku kuma iyayen gidan 'yan kokowa, in yaronku ya ji rauni ku kai shi likita, ku bar shi ya huta. Gara ya rasa Takobin bana da ya rasa ƙafar da zai yi noma da ita.