Bututun kabon mai kai magani cikin sojojin jiki: ina aka kwana?

Babbar matsalar magani mai ƙarfi ita ce bai san maƙiyi da masoyi ba: yana bin jini ya taɓa wurin ciwo, ya taɓa lafiyayyen wuri. Wannan ne ya sa masu bincike suka koma ga wasu siraran bututun kabon da ake kira nanotub, waɗanda masanin Japan Sumio Iijima ya fito da bayaninsu a 1991. Kaurin gashin kai ya ninka nasu sau dubbai.

Dabarar ita ce a ɗura magani a jikin bututun. Wasu ƙwayoyin garkuwar jiki masu suna makurofaj, waɗanda aikinsu haɗiye datti da ƙwayoyin cuta ne, sai su haɗiye shi, maganin ya sauka a cikinsu.

A 2020 masana daga jami'o'in Stanford da Michigan State a Amurka sun gwada hakan a kan ɓeraye masu kitse a jijiyoyin jini, irin toshewar da ke jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Maganin ya zaburar da makurofaj suka riƙa kwashe matattun ƙwayoyin da suka taru a wurin, toshewar ta ragu. A 2024 an maimaita gwajin a kan aladu ba tare da ya jawo ƙarancin jini ba.

Sai dai da sauran rina a kaba. Tun 2008 wani bincike a Edinburgh ya nuna cewa dogayen bututun suna yi wa ɓeraye illa irin ta asbestos, kuma a 2014 hukumar binciken sankara ta WHO ta sanya wani nau'insu cikin abubuwan da ka iya haddasa cutar. Har yanzu maganin bai fita daga matakin gwaji ba.

Abin da ya shafi Afirka shi ne, ƙwayar tarin fuka da ta kala-azar, wadda ke addabar gabashin Sudan, a cikin makurofaj suke ɓuya. AmBisome, maganin kala-azar da ake naɗewa cikin ƴan ƙwayoyin kitse, ya riga ya nuna wannan hanya tana aiki, amma tsadarsa da buƙatar ajiya mai sanyi sun hana shi isa ga talakawa da yawa. Idan nanotub ya tsallake gwajin lafiya, wannan shingen ne zai tarar a gabansa.