Wasiƙa zuwa ga mata masu saƙar ulu na Yankwashi da kewaye

Zuwa ga iyaye mata da 'yan uwa masu riƙe da kwarashi da tsinken saƙa a Yankwashi, Karkarna, Achilafiya da Gurjiya, da takwarorinsu na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura. 

Magana ɗaya wasiƙar nan ta ɗauko. Lokaci ya yi da masu saƙar wannan yanki za su haɗu a ƙungiyar sana'a, wadda babban aikinta shi ne tsare ingancin abin da ke fita daga hannun 'ya'yanta.

Kowa ya san yadda sana'ar take tafiya yanzu. Mace na ɗakinta ita kaɗai, ta aiki yaro ya sayo mata dunƙulen ulu biyu ko uku a farashin sayen ɗai-ɗai. Hunturu na kankama a watan Disamba aiki ya yi mata yawa, wannan na son hular sanyi, wancan na son suwaita, har ta kai dare tana saƙa da fitilar waya. Zafin Maris na shigowa a jefa kwarashi cikin kwalla sai baɗi. Ga 'yan gwanjo sun baza rigunan sanyi da araha, ga maƙwabciya ta karya kuɗin nata aikin don ta samu na cefane. Wahalar ta mai saƙa ce, ribar kuwa ba ta tsayawa a hannunta.

Akwai wata hula da kowane Bahaushe ya sani, wadda labarinta ya kamata ya shiga kunnen masu saƙa, wato dara. Mutane da yawa ba su san cewa saƙa ta ake yi ba. A ƙasar Tunisiya, inda ake yin irinta mai kyau, mata ne ke fara aikin a gidajensu. Sukan saƙa ta da farin gashin tumaki, ƙatuwa, sakwa-sakwa, ta ninka kan mutum girma. Daga nan a kai ta El Battan, a bakin kogin Majarda, a yi ta bugu cikin ruwa da sabulu har ta tsuke ta yi kauri, idon saƙar ya ɓace. Sai a taje gashinta, a rina ta ja, aikin da garin Zaghouan ya yi suna a kansa, sannan a dawo da ita birnin Tunis a ɗora a kan ma'auni a gama ta.

Sana'ar ta bunƙasa ne bayan 1609, lokacin da aka kori Musulmin Andalus daga Sifen, wasunsu suka sauka a Tunis da gwanintarsu. Kafin ƙarni na 17 ya ƙare an gina wa masu hular kasuwarsu ta kansu a tsakiyar birnin, kuma tana nan har yau. Abin da ya riƙe su tsawon wannan zamani shi ne tsari. Suna da shugaba da ake kira amin, mai duba aiki da raba gardama. Yaro ba ya buɗe shago sai manya sun gwada hannunsa. Kowane maigida yana da alamarsa da ake ɗinkawa a jikin hula, ta yadda in an ga aibi an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Da wannan amana hular ta ratsa Sahara ta iso Kano, kuma har gobe Najeriya da Nijar suna cikin masu sayenta.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwar wannan tsari ba ce. Maƙera na da sarkinsu, mahauta na da Sarkin Pawa, marina da masaƙa na da shugabanninsu. Da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin auduga da ake saƙawa a rina a ƙasar, a yi fataucinsu har Timbuktu da Tarabulus. Baƙin rawanin Kura ya kai ga Abzinawa ne saboda mai saye ya san abin da zai tarar in ya kwance ƙunshi. Saƙar ulu ta zo a baya-bayan nan, ta hanyar makarantun 'yan mata da cibiyoyin koyar da sana'a, shi ya sa ba ta gaji sarauta ko doka ba. Dole masu ita su kafa da kansu.

A nan akwai abin lura. Shirin Better Life na Maryam Babangida, wanda aka fara a 1987, ya buɗe wa matan karkara cibiyoyi, kuma mata da dama sun koyi saƙa da ɗinki ta wannan hanya. Alheri ne babu shakka. Amma ƙungiyoyi da yawa da aka kafa domin karɓar keke ko tallafi sun watse da zarar rabon ya tsaya. Abin takaici ne a ga mata masu basira sun taru ranar rabo kaɗai.

Don haka ƙungiyar Yankwashi ta fara da zaɓen uwar sana'a, gwanar da kowa ya yarda da idonta, ko da ba matar wani babba ba ce. Duk aikin da zai ɗauki alamar ƙungiya ya bi ta hannunta. Ta juya suwaita ta duba cikinta, ta ga ko an ɓoye bakin zare, ta gwada hannuwan biyu ta ga ko tsawonsu ɗaya, ta ja wuyan ta ga ko kan yaro zai shige ba kuka. In aiki bai yi ba, ta ce a warware cikin mutunci, ba a gaban mutane ba. A kuma rubuta awo a littafi, na jariri sabon haihuwa, na ɗan wata shida, na ɗan firamare, domin wanda ya yi oda daga Kazaure ta waya ya samu daidai abin da ya ce.

Sai batun zare, inda kuɗin yake zurarewa. Adashe ba sabon abu ba ne ga matan yankin nan. A ware wani domin ulu kawai, a ɗauka tun da damina kafin sanyi ya tayar da farashi, a tura mutum biyu Kano su saro da yawa. Ulun da za a yi riga ɗaya da shi a saye shi lokaci guda, domin launi ɗaya kan bambanta daga wannan sari zuwa wancan, kuma rana na tona asirin rigar da aka haɗa da ja iri biyu. Kowace mace ta riƙa lissafa dunƙulen da aiki ya ci da kwanakin da ya ɗauka kafin ta faɗi kuɗi, ƙungiya kuma ta tsayar da ƙaramin farashin da ba wadda za ta sauka ƙasa da shi.

Hunturu wata uku ne, haihuwa kuwa ba ta da lokaci. Kayan jarirai na suna, shawul da hula da safa, ana neman su duk shekara, haka rigar sanyi ta makaranta mai launin yunifom, wadda shugaban makaranta zai fi son ya ba ƙungiya odarta a kan ya bi gida-gida.

Akwai amanar da ta fi ciniki nauyi. Yawancin ulun kasuwa na roba ne, in ya haɗu da wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Mai saƙa ta faɗa wa uwar yaro haka da bakinta, domin da asubar hunturu yara na kewaye murhu suna jin ɗumi. Kayan jariri kuma a bar sa musu ƙananan maɓallai da duwatsun ado da doguwar igiya a wuya.

Rajista a ofishin ƙungiyoyin gama-kai na ƙaramar hukuma tana da amfani, musamman wajen buɗe asusun banki, amma ta biyo baya. Zaman farko bai buƙaci komai ba face tsakar gida ɗaya, tabarma, littafi da biro, kowace mace ta zo da aikin da ta fi alfahari da shi da wanda ya ba ta wahala, a baje su a duba tare, a sa ranar zubin farko kafin a tashi.

Wassalam.