A saka fayif kafin filasta, don Allah!

1/ Jama'ar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, yau da ku nake. Muna kashe miliyoyi a gini, amma wayarin sai a ce "bari a gama tukuna". Wannan ɗabi'a ta ishe ni wallahi. 🧵

2/ Yayana ya gina gida a Roni. Filasta, fenti, POP, komai tsaf. Da ya sayo babbar talabijin da sifiku, sai aka ga soket ɗaya tal ne a falon, shi ma a bayan ƙofa. Haka muka tsaya muna kallo ana fasa sabon bango da guduma.

3/ Inda bai yarda a fasa ba, aka ja waya a fili kamar igiyar shanya. Talabijin, dikoda, fanka da firji duk a kan ekstenshan guda. Wata rana da hunturu muka ji ƙauri, robar ta narke a kan kafet. Allah ne ya kiyaye, yara na barci a wurin.

4/ Tun bulo yana tsirara za ka tsaya da mai wayarin, ka nuna masa da alli: nan talabijin, nan sifiku, nan wayar dish za ta shigo, nan inbata da batir za su zauna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

5/ Wayar fitila 1.5mm, ta soket 2.5mm, AC kuma layinsa daban da waya mai kauri. Wanda ya ce maka siririya ma ta isa, aljihunsa yake dubawa. Waya ta yi wa kaya kaɗan, zafi take ɗauka.

6/ Kada a cusa wayar wuta da ta sauti a fayif ɗaya, shi ke kawo gurnanin nan a sifika. Fayif ɗin HDMI ya zama mai faɗi, kamar 32mm, don kan wayar yana maƙalewa a na 20mm, musamman a kwana. A bar igiya a ciki don jan waya nan gaba.

7/ Wani zai ce "ai ba ni da kuɗin kayan kallo yanzu". Na yarda. Saka fayif ɗin babu komai a ciki, ka toshe bakinsa. Nawa yake idan ka haɗa shi da buhun siminti, fenti da kuɗin magini karo na biyu?

8/ Masu gidan kallon ƙwallo, ku ma da ku nake. Mutum hamsin a ɗaki mai ƙofa ɗaya, waya na lilo a kansu. Haba!

9/ Ƙarshe: ɗauki hoton bangon kafin a shafe, don kada gobe ka buga ƙusa a kan waya. Tura wa duk wanda ka san yana gini.